Tattasai a Takardar Cefane

An ce mini ba zai yiwu ba, kuma waɗanda suka faɗa ba ƙananan mutane ba ne. Shugabana a ma'aikatar noma ta Diffa, wani Kirista mutumin kudu, mai haƙuri da sanin aiki, ya kira ni bironsa, wato ofishinsa, ya shaida mini cewa injin ban-ruwa biyu aka riga aka kai wa manoman bakin kogin Komadugu kafin zuwana, kuma dukansu rigima ce ta kashe su tun tsatsa ba ta taɓa su ba, saboda haka kada in ɗora wa raina abin da ya fi ƙarfina. Abokan mahaifina, ƴan kasuwar Damagaram da suka kafa kantuna a garin, sun yi mini dariya a rumfarsu, suka ce mutumin kogi rana yake dubawa da ƙasa, ba ya duba takarda. Shi kuwa bulaman ƙauyen, wato mai garinsu, bai yi dariya ba. Kallona kawai ya yi, ya ce da Hausarsa mai karin Kanuri: “Mushe, mu gani.” Mushe laƙabin girmamawa ne da aka aro daga Faransanci, da shi ake kiran ma'aikacin gwamnati a wurinmu.

Na yi abin da suka ce ba zai yiwu ba. Shekara goma sha ɗaya injin nan ya yi yana aiki a hannuna, ba a taɓa ɗaga sanda a kansa ba, ba a taɓa kai ƙararsa gaban hukuma ba. Ina faɗin wannan tun da fari domin kada mai karatu ya ɗauka tsufa ne ya sa na raina aikina. Ban raina shi ba. Abin da na zauna in rubuta shi ne abin da wani mutum ya rasa domin aikin ya tsaya, alhali ni aka yaba.

Ni ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, na zamanin da ake duba farcen ɗalibi da tsabtar rubutunsa kafin a duba amsarsa. Malaminmu ya koya mana cewa kafin a sa komai a shafi sai an rubuta rana da kwanan wata a sama, a ja musu layi da rula. Wannan ɗabi'a ta shiga jinina har ta biyo ni gida. Tun makon farko na aurenmu na kafa ƙa'ida: kowace Litinin bayan la'asar sai in zauna a tabarma da bik, wato alƙalami, da kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan lakwal, matata ta zauna a gefe ta faɗi abin da ya ƙare a gida, ni kuma in rubuta, domin Talata ce ranar kasuwar Diffa. Ba na rubutawa yadda ta faɗa. Ina jera kayan ne bisa tsarin kasuwar kanta, daga ƙofar da nake shiga zuwa wadda nake fita: gero da wake da fari, sai man gyaɗa, sai bandar kifi, sai layin mata masu kuka da daddawa da kanwa da busasshiyar kuɓewa, gishiri a ƙarshe. Da haka ba na taka wuri ɗaya sau biyu, ba na kuma dawowa gida a ce mini na manta wani abu. Maƙwabta sukan yi mini ba'a, su ce ga Mushe can zai je kasuwa da dosiye, fayil irin na ofis. Ba'ar ba ta taɓa damuna ba, tunda su ne ke komawa kasuwa sau biyu a rana ɗaya.

Abu ɗaya ne ba ya shiga wannan jeri, shi ne tattasai. Matata ƴar bakin kogi ce, daga wani ƙaramin ƙauye kusa da Shetimari. Yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu har ya ba ni aurenta, manomin tattasai ne. Kowace shekara idan an tsinke an shanya, sai buhu guda ya iso gidanmu a saman mota, ja wur, ƙamshinsa ya cika zaure har mai sallama ya yi atishawa. Ni ma Yaya nake kiransa, ina kuma jin nauyinsa yadda ake jin nauyin suruki. Shi kuwa Mushe yake ce mini kamar kowa, amma da wani ɗan murmushi nasa na kansa.

Da aka ba ni injin na uku, ƙauyen Yaya aka zaɓa. Garka goma ce za ta sha daga gare shi. Na zauna na binciki abin da ya kashe injunan farko, na gano kunya ce ta kashe su. Babban mutum ya aiko a ba shi ruwa yau, ba a iya hana shi. Wani ya ce ya bar wa ƙanensa rabonsa, wani ya ce shi aka wakilta. Kafin wata guda masu ƙarfi sun sha sau uku, marasa baki ba su sha ba, daga nan sai faɗa. Saboda haka na tsara jeri mai sauƙi. Garka biyu a rana, ɗaya da safe, ɗaya bayan azahar, a kwana biyar an zagaye kowa. Idan lokacin mutum ya yi, zan tsaya a bakin inji in kira sunansa sau uku. In ya amsa, a tada inji. In bai amsa ba, in rubuta kalmar absan da jan bik a gaban sunansa, ma'ana ba ya nan, ya jira zagaye mai zuwa. Babu musanya, babu wakilci, sai dai ɗa baligi na cikin gida wanda aka rubuta sunansa tun farko. Na karanta musu wannan doka a ƙofar bulama, aka fassara da Kanuri, kowa ya dangwala yatsa.

Kafin zuwan inji da jigo ake ban-ruwa a wurin: dogon itace mai guga a kai ɗaya da curin laka a ɗayan, mutum ya yini yana sunkuyawa yana ɗagowa. Manoman ba su gama yarda da ni ba, sai kowa ya bar jigonsa a tsaye, ko da za a yi. Yaya ne kaɗai ya tuge nasa a gaban jama'a, ya cike ramin da yake ɗiban ruwa ya mai da wurin fangali, ya ce mijin ƙanwarsa ba zai kawo abin banza ba. Garkarsa ce mafi nisa da kogi, ita ce kuma ta goma a jerina. Ni na sa ta a ƙarshe da gangan, don kada a ce na fara da gidanmu. 

Zagaye biyu suka wuce lafiya. A na uku Yaya ya yi dashe, ya cika garkarsa da ƙananan tsiron tattasai, ya shayar da su a ranarsa. Duk wanda ya san tattasai ya san sabon dashe da ƙyar yake jure kwana biyar a zafin ƙarshen damina. Kwana goma kuwa ba ya jurewa.

Yaya yana da ƴa mace ƴar shekara tara, wadda ya sa wa sunan matata. Ba shi da ɗa namiji da ya isa a rubuta. Zazzaɓi ya kama yarinyar kwana biyu, ta rasu da asubar ranar da layin ubanta ya zagayo. Aka aiko mana, na ɗauko matata a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, na sauke ta a gidan rasuwa, na je na kira mai layin safe, na bar makanike da inji, na dawo. Na tsaya a sahun sallar gawa kafaɗata tana taɓa ta Yaya. Na bi su maƙabarta, na sa hannuna a ƙasar kabarin. Da muka dawo na zauna a tabarmar makoki, na sha ruwan da aka miƙo mini. Da aka idar da azahar sai na dubi agogona, na miƙe, na nufi bakin inji.

Abin da ya biyo baya zan rubuta shi ba ado. Na tsaya da kaye a hannu na kira sunan Yaya. Daga inda nake ina hango rumfar makokin, ina hango farar rigarsa a tsakiyar mutane. Na kira na biyu. Makanike ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba ya bukatar guga. Kafin in kira na uku sai ga maƙwabcin garkar Yaya ya iso da sauri, fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa.

“Mushe, tada inji. Ni zan buɗe masa fangali.”

“Ba a rubuta sunanka a garkarsa ba,” na ce.

“To rubuta yanzu. Ba ga bik nan a hannunka ba?”

“Doka ta ce tun farko.”

“Wa ya yi dokar?”

“Dukanmu. Yatsanka yana ciki.”

Ya dubi yatsan nasa na ɗan lokaci, sannan ya ce: “Mu nan, in mutum yana zaman makoki, garkarsa ta gari ce har kwana uku. Haka muka tarar ana yi. Ba mu faɗa maka ba, domin ba mu san akwai wanda sai an faɗa masa ba.”

Bulama ma ya taso daga makokin ya zo, ya ja ni gefe ya yi mini magana a hankali. Ya ce ba wanda zai ce na yi son kai, shi da kansa zai tsaya shaida ko a gaban shugabana. Na saurare shi da ladabi. Abin da ke raina a lokacin, wanda na san shi sarai tun a wurin, ba dokar ba ce. Da mamaciyar ƴar wani ce daban, ina jin da na ce a tada inji, in kira abin jinƙai. Amma ƴar surukina ce, kuma kunnena ya riga ya cika da muryoyin ƴan rumfar kasuwa suna cewa ai mun faɗa, da abin ya zo kan nasa ya lanƙwasa. Na kira na uku. Na buɗe jan bik na rubuta absan. Injin ya ƙarasa yinin a kashe, tankinsa cike da mai, kogin kuma cike da ruwa a gabansa.

Daga nan na koma tabarmar makoki na zauna har la'asar. Yaya ya matsa ya ba ni wuri.

Maƙwabta sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Maza da mata suka yi ta jido da tuluna da bokitai daga kogi, amma nisan ya yi yawa, kowa kuma yana da tasa garkar. Layi uku ko huɗu na bakin hanya suka rayu. Sauran, kafin ranar Yaya ta sake zagayowa, sun kwanta sun bushe kamar zare. Irin dashe ya riga ya ƙare a ƙauyen, lokacin yin sabo kuma ya wuce, shekarar ta tafi masa ke nan. Bai zo biro ba, bai kai kuka wurin kowa ba. Da ya tashi daga makoki sai ya sake haƙa raminsa, ya kafa jigo, ya aiko a cire sunansa daga jeri. Duk inda muka haɗu cikakkiyar gaisuwa yake yi mini, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, har lafiyar inji yake tambaya.

Labarin ya bi kogi gabas da yamma. Aka riƙa cewa Mushen nan ko surukinsa bai ɗaga wa ƙafa ba ranar da ya binne ƴarsa. Daga ranar ba wanda ya sake neman musanya, ba babban mutumin da ya sake aiko saƙo. Shugabana ya ambace ni a taro, aka turo ma'aikata daga wasu wurare su ga yadda nake tsara jeri. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu, na kuma san a kan abin da ya tsaya. Na karɓi yabon gaba ɗaya, ban mayar da ko kaɗan ba.

Matata ba ta ce mini komai ba, ko ranar da na je ɗauko ta bayan sadakar bakwai, ko daga baya. Ta yi kukanta, ta ci gaba da hidimar gida. Sai wata Litinin, lokacin da buhunan sabon tattasai suka fara shigowa gari a kan motoci, na zauna da kayena kamar kullum. Ta faɗi gero, ta faɗi mai, ta faɗi kifi da kanwa. Na ɗauka ta gama, ina shirin jan layi, sai ta ce:

“Tattasai.”

Na ɗaga kai. Idonta yana kan waken da take tsinta a faifai.

“Kamar yaya?” na ce.

“Na mako guda.”

Na rubuta. Sai da na tsaya tunanin inda zan sa shi a jeri, domin ban taɓa bin layin masu tattasai ba. Washegari ma'aikacin noma mai kula da garaken tattasai, surukin manomin tattasai, ya tsaya a kasuwar Diffa yana cewa a auna masa. Mai sayarwar ta san ni. “Mushe, har da kai?” ta ce. 

Na yi wa matata tayin in sayo buhu guda a huta. Ta ce a'a, a riƙa saye mako-mako. Shekara ta zagayo, na ji Yaya ya sami amfani mai kyau da jigonsa, na zuba ido ga buhu, bai zo ba. Na ce a raina fushi yake yi, kuma yana da gaskiya. Haka kalmar ta zauna a jerina, Litinin bayan Litinin, da murya iri ɗaya, a ƙarshen komai. Ƴaƴanmu sun tashi sun tarar da ita, ba su san an yi lokacin da babu ita ba.

Na yi ritaya da takardar yabo. Littattafaina duka, na aiki da na cefane, suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, na kowace shekara a ɗaure da igiya. Sau da yawa nakan rubuta a ƙasan jerin mako: a je a ga Yaya. Duk abin da ke samansa sai in soke shi da layi alamar an yi, shi kuwa sai in kwafe shi zuwa mako na gaba. Ba wai ba ma haɗuwa ba ne. Muna haɗuwa a suna da ɗaurin aure da jana'iza, cikin jama'a, inda gaisuwa kaɗai ke isa. Zuwa ni kaɗai, in zauna a gabansa in ambaci ranar, shi ne abin da na kasa. Ko lokacin da rashin tsaro ya tashi ƙauyukan bakin kogi, Yaya ya baro garkarsa da gidansa ya dawo bakin kwalta kusa da Shetimari ya kafa rumfar zana da leda, abin da na yi shi ne na rubuta jerin abin da zai bukata, bargo da tabarma da buta da hatsi, na saya ban bar ko ɗaya ba, na ba matata ta kai. Na nemi ya dawo gidanmu da zama, ta bakinta. Ya ce ya gode, ta bakinta.

Bara, wata Litinin, bayan ta faɗi tattasai na rubuta, sai na ga ba ta tashi ba.

“Alhaji, Yaya yana nemanka.”

“Lafiya dai?”

“Ya ce ka zo da kayen inji. Na shekarar farko.”

“Me zai yi da shi? Ba ya karatu, idon ma kin ce ya yi rauni.”

“Ban tambaye shi ba. Kai ne mai tambaya.”

Na buɗe akwati na kwance igiyar. Na san shafin tun ban kai gare shi ba, jan bik ɗin kuma bai koɗe ba. Kwana biyu na yi ina tsara abin da zan faɗa, har na rubuta shi a ƴar takarda, batu huɗu, na sa a aljihu. Na tabbata tsoho yana so ne ya amayar da abin da ya haɗiye kafin ya bar duniya. Na yi niyyar in saurara ba tare da na kare kaina ba, ko da yake batu na biyu da na uku kariya ce tsantsa.

Na shiga motar haya da safe. Na same shi zaune a inuwar rumfarsa, ya rame, gemu ya yi fari fat, hannayen kuwa har yanzu na mai jan guga ne. Ya gane muryata tun daga sallama.

“Mushe da kansa. A duba rana, kada mu wuce masa lokaci.”

“Yaya, ai na daina duba agogo.”

“To me nake ji yana bugawa a hannunka?”

Gaskiyarsa ne, yana hannuna. Muka yi doguwar gaisuwa, aka kawo shayi. Na sa hannu a aljihu zan ciro takardata, sai ya riga ni magana.

“Ka zo da shi?”

“Na zo da shi.”

“To saurara. Yarinyar nan tawa, takwarar matarka. Kowace shekara ina yi mata sadaka. Da ba na bukatar kowa ya gaya mini lokaci: in na yi dashe, in ƙirga kwana biyar, in sa a dafa a raba. Yanzu ba garka, ba dashe. Kogin ma sai dai in ji a bakin direbobi cewa ya kawo. Da muka zo nan ina ƙiyastawa, yanzu kan ya tsufa. Uwarta ta rasu, kabarin kuma yana can inda ba a zuwa. Bana na zauna in tuna lokacin, na rasa. Na tambayi tsofaffin da muka taso tare, wannan ya ce kafin a yanke gero ne, wancan ya ce bayan an yanke. Sai na tuna akwai mutum ɗaya a duniya da ya rubuta wani abu a ranar.”

Na buɗe kayen. A saman shafin, da layin rula a ƙarƙashi yadda aka koya mini, ga rana ga kwanan wata. Na karanta masa. Ya maimaita a hankali, ya sake maimaitawa, har ya zauna masa.

“Me ka sa a gaban sunana?”

“Yaya, bari wannan.”

“Karanta mana. Kiran dai na ji shi, har sau uku. Abin da ka rubuta ne ban gani ba.”

“Absan.”

“Da Hausa.”

“Ba ya nan.”

Ya juya kofin shayi a hannunsa. “To ba ka yi ƙarya ba,” ya ce. “Ba na nan. Sai dai ka san inda nake.”

“Na sani, Yaya. Ina hango ka daga bakin inji. Ba doka ce ta hana ni ba, tsoron bakin mutane ne da son a yabe ni. An kuwa yabe ni. Ka yafe mini.” Ko kalma ɗaya daga wannan ba ta cikin batu huɗun da ke aljihuna.

“Na yafe tun ranar da na sake kafa jigo. Mai jan guga yini guda ba shi da sauran ƙarfin yin fushi. Ai shekarar da ta biyo na aiko muku buhu.”

“Bai iso ba.”

“Ya iso. Ƙanwata ce ta mayar da shi a motar da ta kawo shi. Shekara uku ina aikowa tana mayarwa, na haƙura.” Ya yi dariya har tari ya kama shi. “Kana ganin kai ne mai doka a gidanka? Wannan kuma tsakaninku ne, Mushe, ni babu ruwana.”

Na ciro bik na ce bari in soke kalmar. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Kada ka soke. In ka soke, wa zai gane wannan ne shafin? Rubuta a ƙasa inda nake.”

Na rubuta a ƙarƙashin jan rubutun: yana binne ƴarsa. Ita ce Hausa ta farko da ta shiga wannan kaye. Na karanta masa, ya ce in kai yatsansa wurin, na kai, ya ɗan daɗe bai ɗauke ba.

Da na dawo gida ban yi wa matata zancen buhunan ba, ita ma ba ta tambayi yadda muka yi ba. Litinin ta zo, na shimfiɗa tabarma na zauna da kaye. Kafin ta fara, na ce mata na karanta wa Yaya ranar.

“Alhamis ce,” ta ce.

“Alhamis ce.”

“Ranar da ka zo ɗaukata bayan bakwai, ka ba ni kayen a bayan mobilet, ka ce in riƙe da kyau kada ya faɗi. Na riƙe maka har gida.”

Ban tuna wannan ba. Ba a rubuta shi ko'ina ba.

“Hajiya, ki yafe mini.”

Ta daɗe tana kallon faifan da ke cinyarta. Sannan ta ce: “Rubuta gero.” Na rubuta. Ta faɗi mai, ta faɗi kifi, ta faɗi daddawa da gishiri. Ni kuma na riƙe bik ban ja layi ba.

“Tattasai,” ta ce. “Na mako guda. In lokacin ya zo kuma ka sa shinkafar sadaka. Kai za ka kai masa da kanka.”

Na kai, kuma in Allah ya bar ni da rai bana ma zan kai. Tattasai kuwa har yau ina rubuta shi kowace Litinin, ban ga dalilin da zai sa a ɗauke mini ba. Na kai shekarun da ba a yi wa mutum alkawarin wata damina. Na san bayan raina ƴaƴana za su kwashe littattafan akwatin nan su ba masu ƙosai su naɗe kaya da su, ba kuwa zan ga laifinsu ba. Shafi ɗaya nake roƙo a cire a ajiye. In ma ya ɓace, ga abin da ke samansa, a rubuta shi inda ba zai ɓace ba, a dafa a raba a ranar ko ni da Yaya muna raye ko ba ma raye: Alhamis, goma sha huɗu ga watan Oktoba, shekarar farko ta injin.